Inshorar mallakar gida a Amurka ba ta san inda shingenka ya tsaya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi wa ’yan uwa bayani a kan wata takarda da kusan duk wanda ya sayi gida a Amurka yake biyan kuɗinta ranar sa hannu, amma da wuya ka sami wanda ya karanta ta. Ita ce inshorar mallaka. Mutum zai biya, a miƙa masa tarin takardu, ya kai gida ya jefa a durowa, ransa kwance cewa duk wata fitina da za ta taso a kan filin an riga an gama da ita. Sai ranar da maƙwabci ya ɗauko mai safiyo, aka kafa ’yan tutoci ja a tsakiyar ciyawarsa, sannan zai ciro takardar, ya tarar an toge rikicin iyaka tun ranar farko.

Abin da wannan inshora take karewa shi ne tarihin mallakar, wato silsilar hannuwan da filin ya bi kafin ya iso gare ka. A yawancin jihohin Amurka hukuma ba ta tsaya wa kowa shaida cewa shi ne mai fili. Ofishin rajista na gunduma yana karɓar takardun ciniki da na jingina ne kawai, ya buga musu hatimi da lamba da kwanan wata, ya adana. Ko takardar jabu ce, ko wanda ya sa hannu ba shi da hurumin sayarwa, ko akwai magajin da aka manta da shi, wannan ba ruwan ofishin. Shi ya sa kafin ciniki ake sa wani ya bi takardun nan ɗaya bayan ɗaya. A 1868 wata shari’a tsakanin Watson da Muirhead ta kai kotun ƙoli ta jihar Pensilbaniya. Mai binciken ya ga wani bashi a wuyan filin, ya tambayi lauya, lauya ya ce ba shi da tasiri, aka yi ciniki, daga baya aka yi gwanjon filin saboda bashin. Kotu ta ce mai binciken bai yi sakaci ba, don haka babu diyya, mai saye ya tashi a tutar babu. Bayan wannan ne jihar ta yi dokar da ta halatta irin wannan inshora a 1874, aka kafa kamfani na farko a Filadelfiya a 1876. Tun asali, ke nan, kuskuren takarda aka yi ta dominsa. Maganar ƙasa da turaku daban take.

Takardun inshorar iri biyu ne, kuma mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Akwai ta banki, wadda mai ba da bashin gida yake tilasta maka ka saya. Banki kaɗai take karewa, iyakar abin da ya rage na bashin, tana raguwa yayin da kake biya, ranar da ka gama kuma ta mutu. Akwai kuma ta mai gida, wadda ba dole ba ce. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, tana nan muddin gidan yana hannunka ko hannun magadanka. Wanda ya ga kalmar inshorar mallaka a lissafin kuɗin ranar sa hannu ya ɗauka an kare shi, alhali ta banki ce kawai ya biya, wannan ko ƙofar kamfanin ba zai iya ƙwanƙwasawa ba.

To mu ɗauka ka sayi taka. Kafin ranar kammala ciniki kamfanin zai aiko da takardar alkawari mai ɗauke da jadawalai. Jadawalin A yana ɗauke da sunan mai saye, da adadin kuɗin da aka yi inshorar a kai, da bayanin filin kamar yadda yake a rajista. Jadawalin B kashi biyu ne: na farko sharuɗɗan da za a cika kafin a ba da inshorar, kamar biyan tsohon bashin mai sayarwa, na biyu kuma togaciya, wato abubuwan da kamfanin ya ce babu hannunsa a ciki. Nan ne gizo ke saƙa. A cikin togaciyar da aka saba bugawa akwai layi ɗaya mai cewa ba a kare duk wani shiga iyaka, ko saɓani, ko giɓi, ko hawan fili kan fili, wanda da an yi cikakken safiyo da an gano shi. Akwai wani layin da ya toge haƙƙin duk wanda yake riƙe da wani ɓangare na filin ba tare da sunansa yana rajista ba. Na uku ya toge hanyoyin wucewa da ba a rubuta ba. Abin mamakin shi ne, a fom ɗin ƙungiyar kamfanonin, wato ALTA, shafin farko ya lissafa shiga iyaka cikin haɗurran da aka kare. Sai Jadawalin B ya zo ya share shi. An ba ka da dama, an karɓe da hagu, kuma duk a rubuce yake, babu wanda ya ɓoye maka.

Ba mu ga laifin kamfanin a kan wannan togaciya ba. Ma’aikacin da ya yi binciken yana zaune ne gaban kwamfuta, bai taɓa taka filin ba, bai ga garejin maƙwabci ba, bai san inda shingen katako ya karkace ba. Ba za a ce ya lamunci abin da bai gani ba. Laifin da muke gani shi ne yadda ake barin mai saye ya sa hannu a takardu hamsin cikin awa guda ba wanda ya ce masa, Malam, ga layin nan, ka san abin da yake nufi?

Hanyar cire wannan togaciya ita ce safiyo, amma ba kowane zane ne safiyo ba. Akwai wani ɗan zane mai arha da bankuna suke karɓa a wasu jihohi, wanda kawai yake nuna cewa akwai gini a kan filin kuma da alama yana ciki. Ba a kafa turaku, ba a auna kusurwa sosai, kuma galibi an rubuta a jikinsa cewa kada a yi amfani da shi wajen kafa shinge. Mutane suna kafawa da shi duk da haka. Taswirar ofishin haraji da ake gani a intanet ma haka take: an ɗora layuka ne a kan hoton sama don a san wanda za a aika wa takardar haraji, kuma layin yana iya gocewa da ƙafa da yawa. Auna iyaka da wayar hannu kuwa kada ma a fara, kuskurenta ya fi faɗin abin da ake faɗa a kai.

Safiyon iyaka na gaskiya, mai lasisin jihar ne yake yin sa. Zai fara da ofishin rajista, ya ɗauko takardarka da ta duk maƙwabtan da kuka haɗa iyaka, da tsohuwar taswirar da aka yanka unguwar da ita. Sannan ya fita da na’urar gano ƙarfe, domin turakun yawanci guntun rodi ne mai kaurin rabin inci ko biyar bisa takwas, tsawon ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, an buga shi ƙasa an sa masa hular roba mai lambar lasisin wanda ya kafa. Bayan shekara talatin hular ta farfashe, ƙasa da saiwar ciyawa sun rufe shi da inci shida, sai an tona da shebur a ji ƙarar ƙarfe. Wani lokaci a tona kusurwa ɗaya a tarar da rodi uku cikin faɗin faranti, kowanne wani mai safiyo ne ya kafa a zamaninsa yana ganin nasa ne daidai. Mafi tsauri shi ne safiyon da ake yi bisa ƙa’idar ALTA da ƙungiyar masu safiyo ta ƙasa, NSPS, wanda ya iyakance kuskuren awo tsakanin kusurwoyi zuwa santimita 2 da ƙarin kashi 50 cikin miliyan na nisan, kuma ya wajabta nuna duk wata alamar wani yana amfani da filin. An fi yin sa a filayen kasuwanci saboda tsada. Gidan zama, safiyon iyaka mai turaku da zanen gine-gine ya isa, in dai kamfanin inshorar ya ce zai karɓa. A tambaye su tun kafin a ba da aikin, kuma a sa mai safiyon ya rubuta sunanka da na kamfanin da na banki a cikin shaidarsa, domin wanda ba a ambata ba yana shan wahala kafin ya kama shi da laifin kuskure.

Me ya sa ma takarda da ƙasa suke saɓawa? Dalilan suna da yawa, kuma mafi yawansu ba ha’inci ba ne. A jihohin gabas ana bayyana fili ne da tafiya: a fara daga wani dutse ko itace, a nufi kusurwa kaza tsawon ƙafa kaza, har a zagayo. Itacen ya mutu shekara ɗari da suka wuce. Kamfas ɗin da aka yi aikin da shi arewar maganaɗisu yake nunawa, ita kuwa tana motsawa da shekaru. Kuskuren digiri ɗaya tak a layi mai ƙafa 200 yana kai ƙarshen layin gefe da kusan ƙafa uku da rabi, faɗin da ya isa ya cinye shinge da furannin da ke jikinsa. A yamma da tsakiyar ƙasar kuma, tun dokar 1785 aka yanka ƙasa murabba’i-murabba’i, kowane babban yanki mil shida a mil shida, cikinsa ƙanana 36, kowanne eka 640 a takarda. An auna su da sarƙa mai ƙafa 66 da zobe 100, ana jan ta cikin daji da fadama. Sarƙa tana miƙewa, masu ja suna gajiya, da wuya ka sami yankin da ya cika eka 640 cif. Doka kuwa ta ce inda mai safiyon farko ya kafa turkensa, nan ne kusurwa, ko da ya yi kuskure. Aikin na yau shi ne ya bi sawun na jiya, ba ya gyara masa ba.

Saboda haka kotuna suke da jerin fifiko idan bayanai suka ci karo: alamar halitta kamar kogi tana gaba, sai alamar da mutum ya kafa kamar turke, sai kusurwa da nisa, faɗin fili kuma shi ne na ƙarshe. Wanda ya zo yana cewa takardata ta ce eka biyu amma an auna an sami ƙasa da haka, sai a ba shi haƙuri, domin lambar eka ita ce mafi rauni a duk takardar. Ga kuma wani abin da ke tayar da jijiyar wuya. Misali mutum yana da fili da takarda ta ce faɗinsa ƙafa 200, alhali a ƙasa 197 ne. Ya sayar wa na farko ƙafa 100 ta gabas, bayan shekara biyu ya sayar wa na biyu ƙafa 100 ta yamma. Na farko zai ɗauki ɗarinsa cikakke, na biyu ya tashi da 97, domin ba a sayar da abin da aka riga aka sayar. Amma da a taswira ɗaya aka yanka filayen lokaci guda, kuma turakun asali suka ɓace, sai a raba giɓin a tsakaninsu gwargwadon faɗin kowa. Maƙwabta biyu kowa da takardarsa mai hatimi, kowa yana da gaskiya a ganinsa.

Idan safiyo ya fito, kada a zaci kamfanin zai share togaciyar ya yi shiru. Zai cire togaciyar gama-garin, ya maye gurbinta da takamaimai: shingen gabas ya shigo ciki da ƙafa 1.8, bakin rufin gareji ya leƙa filin maƙwabci da inci 7. Abin da aka gani, an toge shi da suna. Wani zai ce to ina amfanin? Amfanin biyu ne. Na ɗaya, ka sani tun kuɗinka yana aljihunka, lokacin da za ka iya cewa mai sayarwa ya gyara, ko ya rage kuɗi, ko ka fasa in yarjejeniyar cinikin ta ba ka wannan dama. Na biyu, abin da safiyon bai nuna ba kuma ya ɓullo daga baya, yanzu yana wuyan kamfanin. Ana kuma iya neman rataye, wato ƙarin takarda da ake liƙa wa inshorar don faɗaɗa kariyarta, kamar mai lamba 25 wanda yake tabbatar da cewa filin da ke Jadawalin A shi ne dai wanda aka zana a safiyo, ko na jerin 28 da ya shafi gine-ginen da suka shiga iyaka ko suka hau hanyar wucewa. A Teksas, inda hukumar inshora ta jiha ce take yanke farashi, ana biyan ƙarin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin inshorar gidan zama a taƙaita togaciyar ta koma ƙarancin faɗi kawai, kuma ana iya karɓar tsohon safiyo idan mai sayarwa ya yi rantsuwa a fom T-47 cewa ba a canza komai ba tun lokacin. A duba rantsuwar nan da ido biyu. Mai sayarwa yakan manta cewa shi ya sake shingen shekara huɗu da suka wuce.

Akwai kuma inshorar mai gida mai faɗi, wadda ta ɗan fi tsada, kuma masu sayar da ita suna cewa ta haɗa da iyaka. Ta haɗa, amma da awo. Tana biya idan aka tilasta maka rushe ginin da ka tarar ya shiga filin maƙwabci. In katanga ce ko shingen iyaka, sai an cire kason da za ka fara biya daga aljihunka, kuma akwai rufin da ba a wucewa. Adadin da aka saba rubutawa shi ne kashi 1 cikin ɗari na kuɗin inshorar ko dala 2,500, duk wanda ya fi ƙanƙanta, rufin kuma dala 5,000. Mu yi lissafi da misali: gidan dala 300,000, katangar bulo da rushe ta da sake ta zai ci dala 9,000. Kai za ka fara biyan 2,500, saura 6,500, kamfani ya ba da 5,000, ragowar 1,500 ta dawo kanka. Ita wannan takardar tana kuma kare ka idan maƙwabci ya yi gini ya shigo maka bayan ka saya, amma an toge katanga da shinge, waɗanda su ne dai abin da aka fi faɗa a kai.

Yanzu ga babban abin da ke cin filin mutane suna barci, wato mallaka ta hanyar daɗewar riƙo, abin da masu karatun fiƙihu za su gane da sunan hauzi. Idan maƙwabci ya riƙe wani yanki na filinka a fili kowa yana gani, shi kaɗai, ba da izininka ba, ba tare da yankewa ba, har tsawon shekarun da jihar ta yanke, yankin ya zama nasa ko da takardarka ta ce naka ne. Shekarun sun bambanta ƙwarai: Kalifoniya 5 amma sai ya kasance shi yake biyan harajin wurin, Niyok 10, Masacusets 20, Ohayo 21, Niyu Jasi 30. Kuma ana haɗa shekarun mai riƙo da na wanda ya sayar masa. Wato kana iya sayen gida yau, alhali agogon ya riga ya yi shekara takwas yana tafiya a kan wanda ya sayar maka. Niyok ta sassauta a 2008, ta ce ƙananan abubuwa kamar shinge da shuke-shuke da ’yar rumfar ajiya da yankan ciyawa ana ɗaukarsu a matsayin da izini aka yi, ba sa kafa mallaka. Wasu jihohin kuma suna da wata ƙa’idar ta daban: in maƙwabta biyu suka daɗe suna ɗaukar wani shinge a matsayin iyaka, ba wanda ya ce uffan, shingen ya zama iyaka. A Ayowa shekara 10 ce.

Ina inshora a nan? In shekarun riƙon sun cika kafin ranar da aka ba ka takardar, kuma an cire togaciyar masu riƙo da ta safiyo, kana da magana. In ba a cire ba, babu. In kuwa bayan ka saya ne shekarun suka cika, kamfanin zai nuna maka inda aka rubuta cewa ba ya kare abin da ya auku bayan ranar inshora, ko abin da kai ka jawo, ko ka ƙyale, ko ka yarda da shi. Haka nan abin da ka sani kafin ciniki, ba ya cikin rajista, kuma ba ka gaya musu a rubuce ba. Mai sayarwa ya raɗa maka cewa shingen can ba a wurinsa yake ba amma maƙwabcin mutumin kirki ne, ka yi shiru: ka rufe wa kanka ƙofa.

Maganin agogon nan mai sauƙi ne, shi ya sa abin yake da ciwo. Izini a rubuce yana kashe shi, domin mai riƙo da izini ba ya zama mai mallaka. Shafi ɗaya ya isa: wane ya yarda shingen wane ya ci gaba da zama a wuri kaza, wannan izini ne ba kyauta ba, ana iya janye shi da sanarwar kwana kaza, kuma ranar da za a sake shingen za a mayar da shi kan layi. Su biyun su sa hannu gaban mai shaida na hukuma, a kai ofishin rajista don ya hau kan wanda zai saya nan gaba. Wasiƙar ƙorafi kawai, wadda maƙwabci bai amsa ba, a jihohi da yawa ba ta tsayar da komai. Sai dai ƙara a kotu ko karɓe wurin.

Idan fitina ta riga ta taso, abu na farko shi ne kada a taɓa komai. Kada a tumɓuke shinge, kada a cire turke, cire alamar safiyo laifi ne a jihohi da dama. Kada a sare itacen da gindinsa yake kan layi, domin na ku biyu ne, kuma a wurare irin su Kalifoniya diyyar itacen wani tana iya ninkawa biyu ko uku. A ɗauki hotuna masu kwanan wata, a nemo tsofaffin hotunan sama da za su nuna tun yaushe shingen yake wurin. Sannan a rubuta wa kamfanin inshora nan take, zuwa adireshin da ke cikin takardar, ba ofishin wakilin da aka yi sa hannu a ciki ba, a haɗa da kwafin inshorar da safiyo da duk wasiƙar da ta fito daga maƙwabci ko lauyansa. Jinkirin da ya cutar da kamfanin yana rage abin da zai biya. Kuma kada a yi sulhu a bayansa. Wanda ya je ya sasanta, ya sa hannu ya ba da ƙafa biyu, sannan ya zo neman diyya, zai ji cewa da kansa ya ɗauki asarar.

In kamfanin ya karɓi maganar, mafi tsadar abin da zai yi maka shi ne ɗaukar lauya da biyan kuɗin shari’a, kuma wannan ba ya rage adadin inshorar. Amma ba a yi maka alkawarin dawo da ƙasar ba. Yana da zaɓi ya biya ka bambancin darajar gidan da yankin da kuma ba yankin, ya wanke hannunsa. Fili mai ƙafa 60 a 120, an ci ƙafa biyu a tsawonsa, ƙafa murabba’i 240 ke nan. In aka yi wa kowace kuɗi dala 10, dala 2,400 ce. Sai fa in wannan tsirin shi ne hanyar shigar mota, ko rashinsa ya sa filin ya gaza faɗin da dokar gini ta gari take nema, nan lissafi yake canzawa, kuma nan ne ya kamata a ɗauko mai ƙiyasin daraja na kanka kada a dogara da nasu kaɗai. Rahoton ofishin binciken kuɗi na gwamnatin tarayya, GAO, na 2007 ya nuna cewa kimanin kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da kamfanonin nan suke karɓa ne yake tafiya a biyan diyya. Sana’ar tasu ta tace haɗari ce tun kafin ciniki, abin da bai tacu ba a toge shi.

Galibin irin wannan rikici a teburi yake ƙarewa, kuma gara haka, don kuɗin lauyoyi biyu da masu safiyo biyu yakan ninka kuɗin ƙasar sau da yawa, ga shi bayan hukunci za ku ci gaba da haɗuwa a bakin kwandon shara kowace safiya. Amma sulhun ma yana da ƙa’ida. In layin ne ba a tabbatar ba, sai a yi yarjejeniyar iyaka, mai safiyo ya rubuta sabon bayani, kowa ya sa hannu ya saki abin da ke ɗaya gefen, a yi rajista. In layin sananne ne ana so a matsar da shi, wannan sayar da ƙasa ne, sai an nemi amincewar ofishin tsara gari, kuma a tabbata ragowar filin bai gaza ƙa’ida ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mantawa da banki. Gidan da ke jingine, ba ka da ikon yanke masa ko taku ɗaya sai banki ya saki wannan yankin a rubuce, in ba haka ba jinginar tana bin tsirin har gidan maƙwabci, ranar da aka yi gwanjo kuma sulhun ya watse. Bayan an gama a koma wa kamfanin inshora ya gyara Jadawalin A, domin filin da yake karewa shi ne wanda aka bayyana a can, sabon tsirin da ka karɓa ba ya ciki. In sulhu ya ƙi, sai ƙarar tabbatar da mallaka, tare da sanarwa a rajista cewa filin yana gaban kotu. Ko a nan ba lallai alƙali ya ce a rushe ba: wanda ya shigo da inci kaɗan bisa kuskure, kuma rushewar za ta ci dukiya mai yawa, kotuna da dama sukan bar ginin su sa shi ya biya.

Wanda zai kafa sabon shinge kuma, ya sa mai safiyo ya buga masa pegi a kan layin kowace ƙafa 25 zuwa 50, ba a kusurwoyi kaɗai ba, domin igiyar da aka ja tsawon ƙafa 120 a ƙasa mai tudu da kwari tana yaudara. Ya tuna cewa kankaren gindin sanda ya fi sandar faɗi, shi ma dole ya zauna a ɓangarensa, don haka a ja baya da ’yan inci. Ya kira lambar waya 811 kwanaki kaɗan kafin haƙa a zo a nuna masa inda bututun gas da waya suke. A Kalifoniya, in yana so maƙwabci ya biya rabin kuɗin shingen da ke tsakaninsu, doka ta ce ya ba shi sanarwa a rubuce kwana 30 kafin a fara aiki, da bayanin matsalar, da irin shingen, da ƙiyasin kuɗi, da yadda za a raba.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu aikin safiyo da binciken takardun filaye